Lasanya Zuwa Birmingham

Matan cocinsu na unguwar Longsight a Manchester sukan ce ko Kaneng ce ta taka maka ƙafa, kai za ka ba ta haƙuri. Aminiyarta Catherine takan ce ba girman kai ba ne, dutsen Jos ne, ba ya lanƙwasuwa. Monica kuwa, ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukuma, mai kula da sha'anin yara, jimla ɗaya ta rubuta a rahotonta: uwar ba ta yarda ta yi kuskure ba.

Shekara biyu ke nan da faruwar abin. Council ta rufe wurin da ake ajiye yara bayan an tashi daga makaranta, aikin Kaneng na kula da tsofaffi kuma bai san uzuri ba. Kaneng ta kulle 'yarta Tina, mai shekara shida, a gidan da suke haya da abinci da talabijin, ta tafi aikin yamma. A Bukuru, garinsu kusa da Jos, yarinya kamar wannan goyon ƙaninta take yi. A nan maƙwabciya ta ji kuka ta kira 'yan sanda. Ba a sami mai riƙo a Manchester ba, aka kai yarinyar Birmingham, gidan wata Rosa, 'yar asalin Italiya. Ranar Alhamis mai zuwa kotu za ta yanke ko Tina za ta dawo, ko ta tafi ke nan.

A ziyarar da ta wuce, Tina ba ta da zance sai lasanyar Rosa, wani abincin Italiyawa da ake gasawa. Shi ya sa Kaneng ta sa Alfred, ɗan cocinsu mai wanke-wanke a wani gidan abincin Italiyawa, ya rubuto mata yadda ake yi.

"Maman Tina, ba taliya suke jira ba," in ji Catherine, tana jingine da ƙofar kicin. "Ki ce sorry kawai. Bakinki zai tsage ne?"

"In durƙusa wa 'yar da na haifa?" Kaneng ta ce, tana soya albasa da niƙaƙƙen nama. "Uwata ba ta taɓa ba ni haƙuri ba. In ta yi mini ba daidai ba, nama take ƙara mini a miya. Kuma nakan gane."

"Monica ba ta jin wannan yaren."

Kaneng ta juya naman. Ta zuba tumatir. Hannunta ya kai kan attarugu da kansa, ta janye shi kamar ta taɓa wuta. Farar miyar bota da fulawa da madara ta yi gudaji sau biyu, ta zubar. A karo na uku ta tuƙa ta kamar talge har ta yi sumul. Sai ta shiga jeri: jar miya, faffaɗar taliya, farar miya, cuku, hawa huɗu. Da ta fito da tiren daga oven, samansa ya yi ja, gefensa na tafasa.

Ta naɗe shi da zane, ta ɗora a cinya tun daga tashar Manchester. Kafin motar ta kai rabin hanya ɗumin ya bar cinyarta.

Cibiyar ziyarar a unguwar Balsall Heath take, cikin Birmingham. An rufe kicin ɗinta tun bara, don haka da sanyinsa Kaneng ta yanka abincin. Monica ta zauna a kusurwa da littafinta. Awa ɗaya aka ba su.

Tina ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu.

"Kamar na Rosa," ta ce da Turanci, da irin lafazin mutanen Birmingham. "Daidai."

Kaneng ta jira daɗi ya zo mata, bai zo ba.

Yarinyar ta ajiye cokali. "Mum, na zaci wancan za ki kawo. Mai ganye da yawa, mai yaji. Wanda kike hura mini." Ta yamutsa goshi. "Mene ne ma sunansa?"

"Gwate," Kaneng ta ce a hankali.

Tina ta gwada faɗin sunan, harshenta ya karkace. Ta shiga jan zaren rigarta.

"Ranar da kika kulle ni na yi ta kiran ki ta ramin jefa wasiƙa na ƙofa," ta ce.

Kaneng ta ɗauki wuƙa ta ƙara mata babban yanki, wurin da naman ya fi yawa. Tina ta dubi farantin, ba ta taɓa ba. Ita ba ta gane ba.

Monica ta duba agogo, ta rufe littafinta, ta cusa shi a jaka. Ta sa wa yarinyar rigar sanyi, ta kama hannunta. Har sun kai bakin ƙofa Kaneng ta miƙe, zanen da ta naɗo tiren na hannunta. Maganar ta fito da Hausa, wadda Monica ba ta ji, wadda kuma shekara biyu suka kusa wankewa daga kunnen yarinyar.

"Tina, 'yata. Ni ce na yi laifi. Ki yafe mini."