Kwanukan Injin Rahinatu

Injuna uku Garzali bakanike ya jera a kan tsofaffin tayoyi, a garejinsa na bakin gadar Wudil. Malam Nu'uman ya tsaya a kansu, 'yarsa Radiyya na gefe. Ita ta dage sai an tayar da Bitil, tsohuwar motar mahaifiyarta Rahinatu, wadda shekara biyu ke nan da rasuwarta.

"Duk iska ke sanyaya su, ba ruwansu da lagireto," in ji Garzali. "Wannan na bas ɗin Kombi ne, ƙarfi kamar sa. Na tsakiya ɗan Kwatano ne. Su biyun da kwanukansu suka zo. Ƙaramin nan kuwa irin na Hajiya ne sak, amma tsirara yake."

"Wane irin kwanuka?" Radiyya ta tambaya.

"Waɗanda ke lulluɓe injin, su kora iskar fanka ta bi ta kansa. In babu su, ya dahu. Na ƙaramin ba a samunsu yanzu ko a Kano."

Yana faɗa yana goge hannu, bai dubi Malam ba. Wannan kara ita ta fi yi wa Malam ciwo.

Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya, abin da ya tsira da shi kuwa shi ne raina maganar mutane. Wata bazara ya kwance kwanukan motar da hannunsa, wai inji ya sha iska sosai. Garzali ya hana, Malam ya kira shi jahili. Rahinatu ta ce, "Malam, wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne." Ya ce ta tsaya a aikinta na unguwarzoma. Ranar da numfashinta ya sarƙe, ya ɗauke ta a motar zuwa asibiti a Kano, injin ya ƙone kafin Mariri. Awa biyu tana zaune a rana. Likita ya ce da ma an zo da wuri. Ita kuwa Radiyya, ce mata aka yi tsufa ne ya kashe injin.

"A sa na Kombi," in ji Malam. "Ƙarfi ake nema."

"Haba Baba, Legas za mu da ita? Garzali, tayar mini da ƙaramin."

Ya haɗa batir. Injin ya yi tari, ya kama, da wannan kaf-kaf ɗin da duk unguwa ke gane dawowar Hajiya da shi. Radiyya ta rufe baki da mayafi.

"Shi ne," ta ce. "To ina kwanukan tsohon? Ai ƙarfe ba ya ƙonewa."

Garzali ya kashe injin. "Wallahi ni dai ban gan su a jikinsa ba."

Gaskiya ya faɗa, iya rabonsa. Sauran kuwa yana bakin Malam. Malam ya san kalma ɗaya ta ishe shi ya kuɓuta: ɓarayi. A Wudil ba wanda zai musa.

"Suna gida," ya ce. "Cikin buhu, bayan akwatin littattafaina."

"Me ya kai su can?"

"Ni na cire su. Sati uku kafin ranar. Uwarki ta hana ni."

Radiyya ta dube shi. Sannan ta juya.

"Garzali, sa ƙaramin. Ni zan kawo kwanukan."

Ta miƙa wa uban hannu ya ba ta makullin ɗakinsa, ta tsayar da ɗan acaɓa. Ba ta ce ya taho ba.