Goyon Alhaji Salihu a Tudun Barbès

Ran nan da safe, cikin Janairun 1985, Paris ta wayi gari kamar an shafe ta da gilashi. Yayyafin da aka yi ya daskare a kan hanya, har tantabarun ƙarƙashin gadar jirgin metro suna takawa a hankali kamar tsofaffi.

Mounkaila ya fito daga metro a unguwar Barbès. Watansa takwas da zuwa daga Damagaram, yana aiki a kantin atamfa na Alhaji Salihu da ke saman tudu, kuma duk wata takwas ɗin nan son Fatsima, 'yar Alhajin, yana cin sa, amma bai taɓa ce mata komai ba sai “bonjur”. Yau za ta koma karatun injiniya a Villeurbanne, kusa da Lyon. Ƙarfe takwas da rabi za ta sauko daga gidansu da ke bisa kantin, Alhaji ya raka ta gar, wato tashar jirgin ƙasa. Idan bai yi magana kafin nan ba, sai bayan wata shida, kuma Allah kaɗai ya san injiniya nawa za su riga shi.

Saboda wannan rana ya sa sabon takalmi, baƙi mai ƙyalli, mai sulɓin ƙasa. Ya ɗaga kai ya dubi tudun kamar jarumin da zai hau gidan sarauniya, ya taka sau uku, ya dawo baya taku biyar. Ya sake gwadawa, sai ga shi zaune. A na uku ya bi bango da rarrafe, yana kama tagogin mutane, har ya kai tsakiyar hanya.

Nan ya iske wani dattijo da babbar riga da kwat a samanta, ya rungume turken fitila hannu biyu, da dogon burodi a hammata. Alhaji Salihu ne. Tun da ya sauko masallaci da asuba ya kasa komawa.

Mounkaila ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro: ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

“Alhaji, ina kwana? An tashi lahiya?”

“Lahiya lau,” in ji Alhaji, ƙafarsa ta hagu tana tafiya gabas.

“Ina gajiya?”

“Babu gajiya.”

“Yaya Hajiya? Yaya sanyi?”

“Kai Mounkaila! Ka ga na yi kama da mai hira? Awa guda ina rungume da ƙarfen nan kamar ɗan'uwana da ya dawo daga Makka!” Sai ya ƙura wa ƙafafun saurayin ido. “Tsaya. Kai yaya aka yi ba ka zamewa?”

Mounkaila ya miƙe. Ya taka, ya sake takawa. Safar ulunsa ta kama ƙanƙara ram.

“Alhaji, ku ma ku tuɓe mana.”

“Huffi gare ni a ciki, ya fi takalmin sulɓi.” Alhaji ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya. “Juyo da bayanka.”

“Na'am?”

“Duƙa na ce!”

Haka suka kama hawa. Alhaji a goye, burodi a hannu ɗaya, sabon takalmin Mounkaila a ɗayan, yana ba da oda kamar mai tuƙa jirgi.

“Bi dama! Wai ba ka cin abinci ne? Duk ƙasusuwa kana soke ni.”

“Ku yi haƙuri, Alhaji.”

“A hankali, wuyana! Yi sauri kuma, kada wani ɗan Maraɗi ya gan mu.”

Yatsun Mounkaila sun mutu tuntuni, hawaye na daskarewa a kuncinsa, duk kalmomin da ya shirya na taurari da kogin Seine suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago kai, sai ga ta a ƙofar kanti, da jan mayafi da akwati a gefe. Ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Fatsima ta dube su, ta toshe baki da hannu, sai dariya ta ƙwace.

“Papa! *C'est pas vrai!* Ban yarda ba! An samu sabon taksi?”

“Rufe mini baki,” in ji Alhaji, ya sauka ya gyara hula. Ya dubi gangaren da suka hawo, ya dubi akwatin, ya girgiza kai. “Ni kam na gama fita yau. Mounkaila, kai za ka kai ta gar. Abin da ya faru nan kuwa, in na ji shi a masallaci, Damagaram za ka kwana.”

Suka tsaya su biyu a bakin gangare. Ta ce, “Malam Mounkaila, ni fa ba a goya ni.”

Ta kwantar da akwatin, ta zauna a gaba, ta nuna masa baya. Ya zauna, ya tura da ƙafa. Akwati ya ɗauke su da gudu, fitilu da tagogi suna wucewa, iska na yankan kunne.

“Fatsima!” ya ƙwala ihu. “In na rubuto miki wasiƙa za ki karanta?”

“Me?”

“Wasiƙa! Ina son ki!”

“Na sani tun watan azumi! Karkata hagu, ga kwandon shara!”

Bai karkata ba. Suna kwance cikin ɓawon lemu ta zaro biro daga aljihu, ta kama hannunsa, ta rubuta masa adireshin a tafin hannu.