Man da Injiniya Ya Tace

Shekara tara ina gwajin mai a kamfanin tace man girki, ba wanda ya taɓa ce mini aikina ɓata lokaci ne, sai da ƙanin maigida ya dawo daga taron bita na kwana uku. Kwana ukun nan har da ranar tafiya da ranar dawowa. Ya dawo da jaka mai tambari, da takardar shaida cikin gilashi, da sabon suna, Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, mu kuma muka amsa, tunda kamfanin na yayansa ne.

Aikina ba shi da wuyar bayani. In ɗebo mai daga tanki, in haɗa da sinadari a kwalba, in riƙa ɗiga masa ruwan soda har ya koma ruwan hoda. Yawan ɗigon shi ke gaya mini yawan asid ɗin da ke cikin man. In ya yi yawa, man zai fara hayaƙi tun kasko bai gama zafi ba.

Ranar Talata ya leƙo ɗakin gwaji.

"Malama, ana nan ana ta ɗige-ɗige?"

"Ana nan, Injiniya."

"Duniya ta wuce nan. Inda na je, ba sa wanke mai da soda ko kaɗan. Tururi kawai."

Abin haushin, bai yi ƙarya ba. Akwai masu cire asid da tururi, amma da injin da ke kai zafin da namu bai taɓa mafarkinsa ba. Na fara yi masa wannan bayani, ya ɗaga mini hannu. Da alama rabin laccar ya ji, ɗaya rabin ya faɗo lokacin cin abinci.

Ya wuce wurin Baba, dattijon da ke kula da tukwanen tacewa tun kafin a sa wa Injiniya wando. Ya ce a tsallake wankin soda a tanki na huɗu.

Baba ya ce, "Yallaɓai, injin nan tsoho ne, ba zai iya ba."

"Injin ne tsoho, ko mai kula da shi?"

Baba ya dube shi, ya dubi famfon, ya murɗa yadda aka ce.

Washegari man ya fito garau, kamar ka duba fuskarka a ciki. Injiniya ya cika kwalba yana yawo da ita ofis-ofis, har mai gadi sai da ya yaba. Ni kuwa na yi ta ɗiga soda har hannuna ya gaji kafin kwalbata ta canza launi. Asid ya ninka abin da aka yarda da shi sau goma. Na sake, na kuma sakewa. Na rubuta "bai ci gwaji ba", na kai kwafi ɗaya teburin Injiniya, ɗaya teburin maigida.

Injiniya ya biyo ni da takardar. "Ke fa matsalarki baƙin ciki. Dubi man nan da idonki!"

"Na gani, kyakkyawa ne. In ado za a yi da shi, yanzu zan sa hannu."

Ranar Alhamis babbar mai sayen manmu ta zo, wata mata mai kamfanin soya dankali. Ba ta karanta takardar kowa, da kaskonta take yawo a bayan mota. Injiniya ya tarbe ta da jawabin sabon salo, ya ce a yi gwajin a ɗakin taro, a gaban maigida, don tarihi.

Tarihi kuwa ya kafu. Ko dankalin ba ta zuba ba hayaƙi ya tashi, mai yaji, mai shiga ido. Ƙararrawar gobara ta kama ihu. Ma'aikata kusan tamanin suka yi waje, wani da takalmi ɗaya. Maigida ya fito yana tari yana share hawaye da hular kansa.

Matar ta tsaya a tsakar kamfanin, kaskonta a hannu.

"Ɗana, kai ne ka tace wannan?"

"Sabon salo ne, Mama."

"Madalla. In sauro ya dame ni a gida, zan aiko a ba ni galan ɗaya."

Ta shiga mota. Kafin direba ya ja, ta sauke gilashi ta kira ni. Ta ce ranar da na sa hannu a kan mai, in buga mata waya da kaina.

Da yamma aka yi zaman gaggawa, aka yanke hukunci uku. A mayar da tanki na huɗu a wanke shi da soda. A ɗaga Injiniya zuwa shugaban sashen tsare-tsare, sashen da aka ƙirƙira a wurin zaman, ofishinsa can bayan sito inda babu famfo ko ɗaya da zai taɓa. Ni kuma a ba ni takardar gargaɗi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na rubuto."

Maigida ya ce, "Kin rubuto, amma ba ki nuna damuwa sosai ba. Abu irin wannan, ai ihu ake yi."

Kwana biyu muka yi ni da Baba muna gyaran man, ya fito daidai, matar ta aiko motocinta. Takardar gargaɗin tana nan a aljihun tebur. Baba ya ce in adana ta da kyau, shi nasa guda huɗu ne, kuma duk a kan abin da ya faɗa tun farko.