Tsokar Tsakiya

Tun da cikin Auta ya fito, babanta bai ƙara sayar da tsakiyar giwan ruwa ba. Shi mai kifi ne a layin bayan kasuwa, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa, kuma mutum ne da bai iya cewa yana son kowa da baki ba, sai dai ya yanka ya naɗe maka a takarda. Duk ƙaton kifin da masunta suka kawo masa, sai ya sayar da kai da wutsiya, ya ware tsokar tsakiya mara ƙaya ya ce ta jikansa ce. Masu gidajen abinci sun yi magiya har sun gaji. Ƙananan karfasa kuwa a wani tsohon baho yake zuba su a ƙarƙashin tebur, na masu ƙaramin ƙarfi ne da kyanwar layin.

Auta ta ci, ba ta yi wasa ba. Ta ci soyayye, ta ci dafaffe, har mijinta, direban babbar mota da ba ya kwana gida sai jefi-jefi, ya fara tsokanarta wai yaron nan da iyo zai fito. A wurin awo ma abin da aka ce mata ke nan tun farko: jininta ya yi ƙasa, ta dage da kifi. Tunda ubanta na da tebur guda na kifi a kasuwa, ai an ba ta aiki mai sauƙi.

Cikin ya shiga wata takwas ranar da nas ɗin awo ta tsaya gaban bencin mata, da idanun wadda ta maimaita magana ɗaya tun safe. Ta ce masu haƙar zinari a saman kogi suna wanke shi da zaiba, wani farin ruwan ƙarfe mai guba, kuma sauran yana gangarowa cikin ruwa. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, babba ya haɗiye ƙanana dubu, duk ta taru a jikinsa. A babban mutum takan fara da kashe yatsu. A jariri kuwa ƙwaƙwalwa take nema.

Matan suka yi ta surutu, wata ta ce to me kuma ya rage a duniya da ba ya kisa. Sai da aka watse Auta ta bi nas ɗin cikin ɗaki.

"Anti, giwan ruwa fa?"

"Shi ne kan gaba. Kina ci ne?"

"Kullum."

Nas ta ajiye abin awon jinin da ke hannunta. "Tun yaushe?"

"Tun farkon cikin."

"Ki bar shi daga yau. Amma kar ki ce kin daina kifi, kin ji ko? Jininki bai kai ba, shi ma yaron yana bukata. Ki koma ƙanana, iyakar tsawon tafin hannu."

"Wanda na riga na ci fa?"

"Ba mu da abin gwada shi a nan. Wataƙila ba komai. Sai an haife shi, ya fara zama, ya fara magana, sannan a gani."

Auta ta yi godiya kamar an ba ta maganin mura. Ta yi tsammanin za ta yi kuka a hanya, kukan bai zo ba. Tsoro ma bai zo ba. Jikinta dai ya yi shiru, irin shirun ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ta tsallake titi, ta wuce masu kayan miya, ta ɗage zaninta a bakin kwatar layin kifi kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

Baba na hango ta ya washe baki. "Uwar maigidana, yau kin makara. Zo ki ga abin da na hana mutane." Ya ɗaga jiƙaƙƙen buhu, ga tsoka nan fara tas, kauri ya kai na cinyar mutum.

"Baba, an ce in daina cin babba."

"In ji wa?"

Ta faɗa masa yadda aka faɗa mata, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, da muryar mai ba da saƙon wani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi abin da ya iya. Ya jawo kan kifin, ya buɗe kumatunsa ya nuna mata jajir. Ya nuna mata ido garau. Ya danna tsokar da ɗan yatsa, ta dawo daidai. Ya kai hanci ya shinshina, ya miƙo mata ita ma ta ji.

"Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a. Kifin da ya lalace ko a cikin buhu yake na san shi. Wannan ina lalacewarsa?"

"Ba ta wari, Baba. Ba a ganinta. Girman ne matsalar."

"Girman," ya maimaita.

Ya tsaya riƙe da kan kifin. Auta ta san lissafin da yake yi, don ita ma shi ta yi a hanya: duk safiyar da ya kori mai saye, duk ranar da ya taka da kansa har ƙofar gidanta da ƙunshi a hannu, yana alfahari cewa mafi girma ya zaɓo. Tausayinsa ya kamata ta ji, ta kuma san haka, amma abin bai iso ba tukuna.

Sai ta ga jini yana bin wuyan hannunsa. Ƙayar kumatun ta shige masa yatsa sosai.

"Baba, ka yanke."

Ya duba kamar hannun wani ne. "Ban ji ba." Ya daɗe yana cewa ƙanƙara ce ta kashe masa yatsu, kowa a gidan ya yarda, har dariya suke masa in allura ta faɗi ya kasa ɗauka. Shi ne mai cinye ragowar manyan kifi duk yamma, don ba ya son asara. Auta ta kalli yatsun, ta kalli cikinta.

Wata mai gidan abinci da ke yawan magiya ta leƙo ta ce ko yau za a taimaka mata da tsakiya. Baba ya mayar da buhu ya rufe, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Da matar ta wuce ya goge hannunsa a riga.

"Yana motsi?" ya tambaya, ba tare da ya dube ta ba.

"Yana yi."

Ya durƙusa da ƙyar, ya kori kyanwa, ya jawo tsohon bahon daga ƙarƙashin tebur. Ya shiga tsintar karfasa ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowace, yana duba ido da kumatu, suna suɓuce masa yana sake kamawa. Ya ɗago wata da ba ta wuce tsawon yatsa ba.

"Wannan fa, Auta? Ba ta yi girma ba?"

"Ba ta yi ba, Baba."

Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Sannan ya mayar da ita cikin baho, ya ci gaba da neman wadda ta fi ta ƙanƙanta.