Koren Mai a Jan Galan

Ranar da motata ta fara karkarwa in zan tashi daga tsaye, ina layin shingen kwastan ne da fasinja huɗu 'yan Maraɗi. Karkarwar ba ta kai ta kawo ba, fasinjojin ma ba su ji ba, amma ni sai da na ji ta har cikin hanjina. Gonar da na gada a Bugaje na sayar na sayi motar nan, 'yar Kwatano, otomatik, don in riƙa jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ba ni da wata gonar, ba ni da wata motar. Idan giyarta ta mutu, ni da matata Safara'u sai dai mu zauna muna kallon juna.

Washegari da hantsi na kai ta garejin Kawu Lawwali. Ba zaɓi na yi ba, don a gidanmu ba a zaɓen makanike. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya koya mini tuƙi, shi ya nema mini aure. Ya fi shekara talatin yana kwanciya a ƙarƙashin motocin garin nan, kuma tsofaffin direbobi suna rantsuwa cewa zai kwance giya ya haɗa ta ido rufe. Gaskiya ne, sai dai giyar hannu suke nufi. Masu otomatik duk sun zame sun koma wasu garejin, amma ni ban isa ba.

Ya saurari bayanina yana gyaɗa kai, ya ce sabis take so. Ya shiga ramin gareji ya tsiyaye tsohon man giyar, man ya fito baƙi wuluk yana ƙauri. Ya kwance kwanon da ke ƙarƙashin giyar, ya zaro filta ya ƙulla mini a leda. Ƙa'idar Kawu ce, kuma ta yawancin makanikan garinmu: mai mota ne ke zuwa sayen kaya da tsohon a hannunsa, don kada gobe a ce makanike ya ci wani abu a kai.

"Muda, tahi Magama wurin Abdulfatah," in ji shi. "Ka nuna mashi wagga shi ba ka irinta, da gasket na bakin kwano. Sannan jan mai, babban galan guda."

"Kawu, wane iri daga ciki?"

"Ja na ce maka! Man otomatik ai ja ne, ko a Makka. Ko kai ma ka fara karatun kwali?"

Dattawan da ke wuni a bencin garejin suka kwashe da dariya. Malam Uwaisu, tsohon direban tirela, har da buga cinya. Na yi murmushin dole na tari kabu-kabu.

Abdulfatah mutumin Maraɗi ne, sa'ana, yana da shagon kayan mota a kasuwar bakin iyaka, tsakanin masu buhunan gero da masu canjin sefa. Ya juya filtar nan gaba da baya, ya karanta lambar da ke jikinta, ya ɗauko sabuwa ya ɗora a kai suka dace. Da na ce ya kawo jan mai, sai hannunsa ya tsaya.

"Wa za ka zuba ma ja? Wagga?" ya ce. "Abokina, buwat ɗinka ba mai haƙora ba ce, mai bel ce."

Buwat suke ce wa giya a can ƙetare. Ya yi mini bayani da hannu, cewa irin tawa babu haƙoran da ke cizon juna a ciki, wani bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin faifai biyu, kuma da irin nasa man yake kama jikinsu. Ya jawo wani farin galan ya buɗe, na leƙa na ga mai shar, kamar ruwan dafaffen zogale.

"In ka zuba ja, yau tana tahiya, gobe tana tahiya," ya ce. "Kahin wata shida bel ɗin shi fara sulɓi, ka dawo kana tambayata inda aka saida buwat ta Kwatano."

Na tambaye shi ko ya tabbata har sau uku, sai da ya ji haushi ya buɗe wani littafi na Faransanci ya dangwala mini yatsa a kan lambar. Ban iya karantawa ba, amma lambar dai ita ce. Na ɗauki filta da gasket kawai, na ce ina zuwa.

A hanya na shirya maganata tsaf. Zan ja Kawu gefe, in fara da cewa ba ni na faɗa ba, in ce motocin yanzu ne ba su da kunya. Ina sauka na tarar bencin nan ya ƙara cika, an kawo fura, Kawu yana tsaye a tsakiya yana ba da labarin wata mota da ta gagari makanikan Katsina aka jawo masa ita har Jibiya. Fuskarsa sai sheƙi take yi. Ya juyo ya ga hannuna.

"Ina man?"

"Kawu, dama Abdulfatah ya ce..."

"Ya ce mi?"

Idanu sun fi goma a kaina. Na ce ya ce sai an ɗauko daga sito. Kawu ya yi tsaki ya karɓi filtar, ya ce in koma in tsaya a kansa, yana so ya rufe aikin kafin la'asar.

Ban koma kai tsaye ba. Na taka har bakin tasha na dawo, na sayi ruwan leda ban sha ba, na zauna a gindin wani darbejiya na tashi kamar an mintsine ni. Manyan motoci sai wucewa suke yi zuwa iyaka, kowace da direbanta wanda bai da damuwa irin tawa. Daga ƙarshe na kira Safara'u na zayyana mata komai.

"To ka hwaɗa mashi mana," ta ce. "Ai Kawu ba dodo ba ne."

Na kashe wayar rai a ɓace. Faɗi ai ba wuya ga wanda ke zaune a tsakar gida yana tsince shinkafa. Ita ba a gabanta mutumin nan ya sayar da babur ɗinsa ya yi mini lefe ba. Yaya zan tsaya a gaban su Malam Uwaisu in nuna cewa mai shago ya fi shi sanin giya? Yaya kuma zan ɗauki gonar ubana in zuba mata abin da zai kashe ta, don kawai ina jin kunya? Na ji haushin Kawu, na ji haushin Abdulfatah, na ji haushin wanda ya ƙera giya mai bel tun farko.

A kan kabu-kabun komawa Magama dabarar ta zo mini, kuma a lokacin har daɗi na ji, ina ganin na fi kowa wayo. Abdulfatah yana sayar da mai lita-lita, don haka bayan shagonsa cike yake da galan da babu komai a ciki. Na ce ya ba ni jan galan guda. Na tsiyaye shi ƙaf, na goge cikinsa da tsumma a kan tsinke, na juye koren man nan a ciki na murɗe murfi.

Abdulfatah yana kallona yana girgiza kai. "Ni dai ban gani ba," ya ce. "Amma da ni ne, da tsohon zan kawo nan shi gani da idonai."

Na ce ya riƙe shawararsa, ba kawunsa ba ne.

Na iske Kawu ya ɗaura filta ya mayar da kwano, yana fitowa daga rami yana dafa gwiwa. Ya kalli jan galan ya ce yauwa. Na yi wuf na ce ya huta, ni zan zuba, ai shi ya koya mini. Na cusa tiyo, na kifa bakin galan a cikin mazurari, na tare da jikina kamar mai ɓoye abinci. Man ya shige tas, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba, na yi ajiyar zuciya na ce shi ke nan.

Abin da wayona ya manta shi ne, babu makaniken da ke sallamar mota bai duba geji, ƙarfen auna mai, ba. Kawu ya sa na tayar da ita, na bi da sandar giya gida-gida na dawo da ita. Ya zaro gejin ya goge a wani farin ƙyalle. Daga inda nake zaune ina hango tabon, kore shar. Ya daɗe yana kallonsa. Ya mayar da gejin ya sake zarowa ya sake gogewa.

"Lawwali, ya yi?" in ji Malam Uwaisu daga benci.

Kawu ya ninke ƙyallen ya cusa a aljihu. "Ya yi daidai," ya ce. Ya rufe bonet, ya zagayo ya shiga gaba. "Mu tahi mu gwada ta."

Muka hau titi. Motar ta tashi sumul, babu karkarwa ko ta anini, kuma wallahi a lokacin na so ta ɗan yi, ko na samu abin faɗi. Muka wuce kasuwar hatsi, muka wuce masu ɗora awaki a a-kori-kura. Na rage gudu, na ƙara, na gyara madubin da ba abin da ya same shi. Sai da gidaje suka fara ƙarewa Kawu ya ce in tsaya.

"Wa ya ce maka koren shi ne nata?"

"Abdulfatah, Kawu. Ya ce giyar mai bel ce."

"Ya yi gaskiya. Ga ta nan tana tahiya lahiya lau." Ya kalli gaba. "Ni ban san shi ba, Muda. Tunda nike ban taɓa ganin koren man giya ba."

"Kawu, ka yi haƙuri. Kunya na ji, gaban mutane..."

"Da ka hwaɗa mani, da na zage ka gaban su Uwaisu, ba ko shakka. In wuni ina hushi. Gobe da sahe in sa hulata in tahi Magama Abdulfatah shi koya mani, don haka na koyi dut abin da na iya." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ihu ya yi da ya fi mini sauƙi. "Amma kai ka dube ni ka ga tsohon da ya wuce koyo, sai dai a lallaɓa shi."

Ya buɗe ƙofa ya sauka a hankali, sannan ya sunkuyo ta taga.

"Motakka ta warke, Allah shi tsare. Sabis na gaba ka nemi makaniken da kaka iya gaya ma gaskiya."

Ya juya ya kama hanyar gari a ƙafa. Na juya motar na bi shi a gefen titi sannu a hankali, gilashi a sauke, ina kiran Kawu, Kawu. Bai waiwayo ba har muka shiga gari.