Takun Tela Dubu Ashirin da Biyu

Shekara talatin da ɗaya Mai Sikeli ya yi yana gyaran ma'aunai, na mahauta da na 'yan gwal da na asibiti, kuma sana'ar ta bar masa wata cuta da ba ta da magani. Ba ya iya ganin lamba ya wuce. Ko a jikin buhun siminti ya ga an rubuta kilo hamsin, sai ya ɗan ɗaga ya ji. Matarsa takan ce da ana iya ɗora gaisuwa a sikeli, da sai ya auna kafin ya amsa.

To irin wannan mutumin ne abokansa biyu, Direba da Tela, suka saka a wani zauren hira na waya, wai zauren motsa jiki. Direba ne ya buɗe shi, bayan da likita ya ce sukarin Tela ya hau, ya ba shi wata uku, ko dai ya riƙa tafiya ya rage tumbi, ko a ɗora shi a kan allura ta kullum. Tela kuwa, mutumin da ya tsufa da allurar ɗinki a leɓe, ko ƙyallin ta asibiti ya hango sai gumi ya keto masa.

Ka'idar zauren ɗaya ce. Kowace yamma kowa ya turo hoton abin da wayarsa ta ƙirga, taku nawa ya yi, kalori nawa ya ƙona, wato yawan abincin da jiki ya cinye a wurin motsi. Mai Sikeli da ke zuwa shago a ƙasa ya koma a ƙasa, bai taɓa wuce taku dubu shida da kalori ɗari biyu da hamsin ba. Direba yakan turo dubu tara. Wannan bai dami Mai Sikeli ba, don ya san ramukan hanya ne ke yi wa Direba tafiya, kuma mutum ne siriri kamar tsintsiya, ko ya yi ƙari ba wanda zai cutu.

Na Tela ne ya tsaya masa a rai. Taku dubu ashirin da biyu, kalori ɗari tara da 'yan kai, kusan kullum. Direba ya yi ta turo hoton tafi yana kiransa zakara. Mai Sikeli kuwa ya zaro fensir daga bayan kunne ya buga lissafi a jikin kwali. Taku dubu ashirin da biyu ya haura kilomita goma sha biyar. Daga gidan Tela zuwa shagonsa tafiyar minti biyar ce, har da tsayawa gaisawa da mai jarida.

Ina Tela yake zuwa? Yaushe? Ba ƙarya yake yi ba, wannan Mai Sikeli zai iya rantsewa. Ƙaryar Tela ɗaya ce a duniya, ranar da zai gama ɗinki. In ban da ita, mutum ne da ko ƙyalle ya ragu sai ya ninke ya mayar wa mai kaya. Ranar da suka haɗu a wurin mai shayi, Mai Sikeli ya saci kallon takalmansa, ya ga dunduniyar ko goguwa ba ta yi ba. Ya kuma ga Tela ya shanye lemo kwalba biyu ya bi da yankan kek.

"Mutumina, da sukarin naka?" in ji Mai Sikeli.

"Ai na ƙona ɗari tara," Tela ya ce yana karkaɗe gemu. "Wannan duka bai kai ɗari shida ba. Da sauran wuri a ciki."

Da Mai Sikeli ya kai maganar gida, matarsa ko ɗagowa ba ta yi daga gugar da take yi ba.

"Maigida, ina ruwanka? Mutum ya sami abin da ke faranta masa rai, ka bar shi mana. Ka manta da zoben Yaya? Ya zo yana murna ya nuna maka, ka ɗora a sikeli ka ce ba zinariya ba ce. Shekara biyu bai tako gidan nan ba."

"To ai ba zinariyar ba ce."

"Wa ya tambaye ka?"

Gaskiya ne, ba wanda ya tambaye shi. Amma zobe daban, jini daban, kuma saura mako uku Tela ya koma gwaji. Ban da haka, in za a faɗi tsakani da Allah, son sani ne ya fi cin sa. Ya bincika kayansa ya samo wani tsohon wando mai ɓallallen zif, ya yi dalili da shi.

Shagon Tela ɗan tsukuku ne, mutum biyu suka zauna sai gwiwa ta taɓa gwiwa. Zaruruwa jere a kan ƙusoshi, alli da almakashi a kan teburi, ƙyallaye a ƙasa har idon sawu. Akwai keken lantarki a kusurwa an lulluɓe shi da tsohon labule, don Tela ya ce ba ya jin magana. Nasa shi ne baƙin keken ƙafa da ya gada a wurin maigidansa. A makon nan labulen wata makaranta yake ɗinkawa, dogaye, ɗinki miƙaƙƙe ba kwana.

"Yau ina aka kai?" Mai Sikeli ya tambaya kamar ba komai.

Tela ya ciro waya daga aljihun wando ya nuna masa da alfahari. Dubu bakwai da ɗari ɗaya da arba'in, ƙarfe sha ɗaya ma ba ta yi ba. Ya mayar da ita aljihu, ya ɗora ƙafa biyu a kan mataka, keke ya ɗauki kuka.

Mai Sikeli ya zuba ido. Ƙafa na sama na ƙasa, cinya na sama na ƙasa, ga shatin waya a kan cinyar tana bin su. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda yakan ji in ya buɗe sikeli ya tarar da 'yar tsakuwar da ta maƙale. Ya daure har rabin awa, sannan ya ce a sake dubawa wai yana son ganin lokaci. Dubu takwas da ɗari tara. Tela ko tashi shan ruwa bai yi ba.

Har ya buɗe baki, sai Tela ya riga shi.

"Ka san Auta ce ta sa mini abin nan kafin ta koma makaranta. Ranar da likita ya faɗi maganar nan, yarinyar nan kuka ta yi ta yi a mota. Yanzu kullum sai na tura mata. Jiya cewa ta yi ta nuna wa 'yan ajinsu, wai babanta ya fi samari." Ya yi dariya, ya ciji zare. "Ni fa tun muna makaranta ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba, ka sani."

Ya sani kuwa, don benci ɗaya suka zauna. Mai Sikeli ya haɗiye maganarsa, ya karɓi wandonsa ya fita, daɗin nan duk ya koma masa nauyi.

Ya gwada bi ta bayan gida. Ya rubuta a zaure cewa me zai hana su riƙa zagaya filin ƙwallo tare da yamma. Tela ya amsa da cewa mai dubu ashirin ba ya bin mai dubu shida, sai dai in horo ake so ya ba su. Direba ya turo hoton dariya har guda biyar. Kwana huɗu suka wuce a haka, kwanan gwaji na matsowa, kek na ci gaba da shiga.

A sana'ar su Mai Sikeli akwai abin da maigidansa ya koya masa tun yana sabon shiga. Ba a ce wa mahauci sikelinsa na ƙarya, don yana riƙe da wuƙa, kuma yawanci shi ma bai sani ba. Dutsen awo na kilo ɗaya ake ɗora masa, a ja da baya, a bar shi ya karanta da bakinsa. Da wannan ya koma shagon ranar ta biyar, wannan karon ba wando.

"Mutumina, wata alfarma nake nema. Duba wayarka ka faɗa mini lambar."

"Dubu biyar da ɗari biyu. Lafiya?"

"Mayar aljihu. Ɗinke mini gefen labulen nan guda ɗaya."

Tela ya dube shi a karkace, amma ya ɗinke. Da ya kai ƙarshe, Mai Sikeli ya ce ya sake dubawa. Ya duba. Ya dubi ƙafafunsa a kan mataka, ya sake duban wayar. Ba wanda ya sa shi, ya mayar da ita aljihu ya taka keken ba zare ba ƙyalle, yana ƙirgawa a hankali har hamsin, ya ciro ya gani. Fanka na ta juyawa a sama.

"Taka keke ma motsi ne," Mai Sikeli ya ce a hankali. "Ba banza ba ne. Sai dai ba tafiya ba ce, kuma bai kai..."

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana biyar."

"Kwana biyar kana kallona ina rawar kai a zaure," in ji Tela. "Kai dai ba ka iya ganin mutum yana murna. Wata biyu da mako ɗaya ina tura wa yarinya ƙarya."

"Ba kai ka yi ba, keke ne."

"Keken ne ya sha lemon?" Ya ajiye wayar a kan taga, ya juya masa baya. "Ina da aiki."

Mai Sikeli ya koma shagonsa jiki a sanyaye. Ya kwance wani sikelin jarirai da aka kawo daga asibiti ya mayar, ya sake kwancewa, bai san abin da yake nema a ciki ba. Ya yi nadama, ya kuma san in aka maido da safiyar nan abin da ya yi shi zai sake yi. Abota ce ta shekara arba'in da wani abu, kuma a shekarunsu ba a cika yin sabuwa ba.

Wajen ƙarfe biyar wata inuwa ta toshe ƙofa. Tela ne, yana huci, fuska ba annuri.

"Tashi. Tunda kai ka jawo, kai za ka raka ni."

Suka nufi filin ƙwallo. Zagaye na farko Tela ya yi shi da zafin rai, yana gaba. A na biyu ya dawo gefe. A na uku rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya kama kafaɗar Mai Sikeli yana tambaya ko filin ƙara masa faɗi aka yi. Da suka cika minti arba'in ya zube a kan benci ya ciro waya. Tafiyar duka kalori ɗari da tamanin ta ba shi.

"Duk wannan azabar?" ya ce yana haki. "Kwalba ɗaya ke nan da ɗan kai. Anya wannan ma ba ƙarya take yi ba?"

"Za ta iya yi," in ji Mai Sikeli, idonsa ya ɗan kawo haske. "Ni ma ina son in san yadda take lissafawa. Nauyi nawa Auta ta sa maka a ciki? In da za mu auna ka da kyau, sannan mu auna filin da igiya..."

"Don Allah rufa mini baki."

Tela ya goge lambar keken ta safe daga lissafinsa, ya rubuta ta gaskiya da hannu, taku dubu huɗu da ɗari ɗaya. Ya daɗe yana kallonta, babban yatsansa na shawagi, kafin ya tura wa Auta. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta ɗauki ƙara, kuma Mai Sikeli na jin muryar yarinyar daga inda yake zaune.

"Baba, lafiya? Dubu huɗu na gani. Jikin ne? Ka sha magani?"

Tela ya share gumi da hannun riga, ya dubi abokinsa, ya kau da kai.

"Lafiya lau, Auta," ya ce. "Ki nemi wuri ki zauna in gaya miki. Yau ne na fara."