Batirin da Baba Umaru Ya Ajiye

Sau uku Shamsu yana danna maɓallin moto, wato babur ɗinsa, sau ukun moto na ɗan yin tari ya yi shiru. Gumi ya karyo masa. Kwana tara ke nan maƙwabcinsa Baba Umaru Mai-batir na kwance, kuma da safen nan ya ce a ɗauko masa ɗiyarsa Maryama daga wani ƙauye bayan Gabi. An same ta a waya tana kuka, amma ruwan jiya ya ɓata hanya, babu motar da za ta shiga. Maza duk sun tafi gona. Shi kuwa Shamsu cutar shan-inna ta taɓa ƙafarsa ta dama tun yana yaro, ba ya iya ta da moto da ƙafa. In batir ya mutu, shi ma ya zauna ke nan.

Inna Balaraba, matar tsohon, ta leƙo daga zaure. "Shamsu, Malam na kiranka. Ya ji."

Ya ji mana! Mutumin da ya yi shekara talatin a rumfar batura bakin kasuwar Madarumfa ai ko ta katanga ya san tarin kowane moto.

Shamsu ya durƙusa a bakin tabarma. Tsohon ya rame ƙwarai, amma idonsa tar.

"Wanga batir naka na kasuwar Ɗan Isa ne ko?"

"Shi ne, Baba."

"Wata nawa?"

"Bakwai."

"Ya yi ƙoƙari. Ni shida na ba shi."

Kunya ta rufe Shamsu. Ranar da ya sayo wannan rufaffen batir mai ƙyalli, wanda ba a ƙara wa ruwa, har rumfa ya kai shi yana taƙama. Baba Umaru ya jujjuya shi ya ce, "Rufaffe ba shi da laifi in sabo ne. Amma wa ya san watannin da ya yi yana shan rana bisa tebur? Kuma ya yi wa motonka kaɗan. Kai da ba ka da ƙafar bugawa, mai ruwa ya kamace ka, wanda ransa ke farawa ranar da aka zuba mishi ruwa gaban idonka." Shamsu ya yi dariya, ya ce zamani ya wuce nan.

Yanzu tsohon ya juya ya ce, "Balaraba, jawo kwalin nan na ƙarƙashin gado."

Sabon batir ne mai ruwa, ba a taɓa jiƙa shi ba, ga gorar ruwansa a gefe. Shamsu ya cika ramukan shida, ya sungume shi zai fita.

"Ina za ka? Sai ya huta. Rabin awa."

"Baba, rabin awa? Kana jin yadda kake numfashi kuwa?"

"In ka ɗaura shi yanzu zai kai ka ya maido ka, amma ba zai ga damina mai zuwa ba. Ni yau ɗai nike bukatarshi, kai kuwa shekara uku. Zauna."

Shamsu ya zauna. Bai taɓa ganin rabin awa mai tsawon wannan ba. Batirin na ɗan tafasa a hankali kamar kunun da aka sauke, ƙirjin tsohon na hawa da sauka da ƙyar. Duk numfashin da ya jinkirta sai gaban Shamsu ya faɗi. Inna Balaraba tana jan carbi tana share hawaye. Shi kuwa Baba Umaru ya ɗora tafin hannunsa a jikin batirin yana jin ɗuminsa, idonsa a rufe, hankalinsa kwance kamar yana rumfa. Tsoro da mamaki suka cika Shamsu, wai mutum yana bakin tafiya yana ba da sauran lokacinsa don moton wani.

Can tsohon ya ɗaga hannu. "Ya huce. Tafi."

Dannawa ɗaya moto ya tashi. Sau biyu yana mutuwa a cikin taɓo, sau biyun ya tashi ba gardama. Ana kiran la'asar suka shigo lungu, Maryama ta diro tun bai gama tsayawa ba, takalminta ɗaya ya faɗi a ƙofa.

Ta same shi da rai. Ya riƙe hannunta ya sa mata albarka, ta ba shi ruwa da ludayi ya sha. Kafin rana ta faɗi ya yi kalmar shahada ya cika.

Washegari bayan an dawo daga maƙabarta, Shamsu ya zauna ƙarƙashin dogonyaro yana wanke taɓon moto. Ya buɗe marfin gefe ya goge batirin da tsumma. Duk garin an san Baba Umaru ba ya sakin batir sai ya karce sunan mai shi da kwanan wata da ƙusa a jikinsa. Jiya kuwa ko cokali ba ya iya riƙewa.

Amma ga rubutun nan da ajami, har ƙura ta zauna a cikinsa: Shamsu. A ƙasa kwanan watan ranar da ya dawo daga Ɗan Isa yana dariya.

Ya daɗe da yatsansa a kan karcen, ruwa na ɗiga daga tsumman zuwa ƙasa.